An dakatar da shi daga aiki, an kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, ya ce ba za shi ba

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan zaure ya turo tambaya ta bayan fage, ya ce a sakaya sunansa. Ma'aikacin sito ne a wani kamfani mai zaman kansa, shekararsa shida a wurin. An ƙirga kaya an ga giɓi, aka ba shi kwiri, wato takardar tuhuma mai neman ya yi bayani, ya amsa, sannan aka dakatar da shi, yau mako uku ke nan ba albashi. Jiya aka aiko masa da takarda cewa ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe. Shi kuma ya ce ba inda za shi, don manajan da ya kai ƙararsa yana cikin kwamitin, kuma tunda an ce ya zauna a gida, to a gida zai zauna. Tambayarsa ita ce: in bai je ba, me za su iya yi masa? Masana, bismillah. Don Allah a tsaya kan magana, ban da zage-zage.

Barista Hauwa:
Wa'alaikumus salam. A gaya masa ya je. In bai je ba za su zauna a bayan idonsa, su karanta abin da ke gabansu, su yanke hukunci, kuma da wuya kotu ta taɓa hukuncin nan saboda wai ba a saurare shi ba.

Mutane suna ruɗewa a nan. Doka ba ta ce sai an ji ta bakinka ba, cewa ta yi sai an ba ka damar a ji ta bakinka. In an buɗe maka ƙofa ka ƙi shiga, ba wanda ya tauye maka haƙƙi. Ranar da magana ta kai Kotun Ma'aikata, lauyan kamfani zai miƙa takardu uku ne kawai: kwiri, takardar gayyata mai ɗauke da shaidar ka karɓa, da bayanan zaman kwamiti inda sakatare ya rubuta an jira ka ba ka zo ba. Shi ke nan an wuce wurin.

Har ma akwai abin da ya fi wannan. A shari'ar Imonikhe da Unity Bank ta 2011, Kotun Ƙoli ta ce in an ba ma'aikaci kwiri, ya amsa, sannan aka yanke hukunci bayan amsarsa, to an cika sharaɗin sauraro. Wato shi mai tambayar nan, tunda ya riga ya amsa kwiri, kamfani yana iya cewa ko kwamitin ma ƙari ne suka yi masa. Ya gane ke nan wa zaman ya fi amfana.

Batun "an ce in zauna a gida" kuwa, dakatarwa ba kora ba ce. Yana nan a matsayin ma'aikaci, aikin yau da kullum kawai aka hana shi. Duk umarnin da ya dace, irin su zo ka yi bayani, kawo makullin sito, kawo littafin fitar da kaya, yana kansa.

Kwamared Ɗanjuma:
Barista, na ji bayaninki, amma a faɗi gaskiya. Mafi yawan kwamitocin nan rufa-ido ne. An riga an gama magana a ofishin oga, takardar kora na cikin durowa an buga ta, kwanan wata kaɗai ya rage. Ka je ka zauna gaban wanda ya ƙulla maka sharrin, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Zuwanka ai halatta musu abin ka yi. Gobe su ce ga shi nan ya zo, ya sa hannu.

Barista Hauwa:
Kwamared, ban musa maka cewa akwai irin waɗannan ba. Amma duba wa rashin zuwan ya yi wa amfani. In da gaske takardar tana cikin durowa, rashin zuwansa faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Sun samu abin da suke so ba tare da kowa ya yi musu tambaya ɗaya ba.

Zaman mai ƙara a cikin kwamiti makami ne babba a hannun ma'aikaci, sai dai makamin ba ya aiki daga gida. Abin da zai yi: tun yau ya rubuta wa sashen kula da ma'aikata cewa ya samu gayyata, zai halarta, amma bai amince da zaman wane a kwamitin ba domin shi ne ya kawo ƙorafin kuma shaida ne a cikinsa, yana roƙon a musanya shi. Ranar zama, kafin a fara komai, ya maimaita da baki, ya nemi sakatare ya rubuta. In sun cire mutumin, ya ci riba. In sun ƙi, ya ci gaba da kare kansa, amma yanzu akwai rubutacciyar shaida cewa ya yi ƙorafi an yi biris da shi. Wannan alƙali zai duba.

Wanda ya san da son kai a kwamiti ya yi shiru, sai bayan an kore shi ya tayar da maganar, sau da yawa ana ɗauka ya yafe ne. Wanda bai je ba kwata-kwata kuwa, me zai ce an yi masa a ɗakin da bai shiga ba?

Kwamared Ɗanjuma:
To batun sa hannu fa? Nan ne suke cin mutane.

Barista Hauwa:
Takardar halarta ya sa mata hannu, wannan shaida ce a gare shi. Bayanan zama kuwa kada ya sa hannu sai ya karanta layi-layi. In an rubuta abin da bai faɗa ba, ya gyara da biro a gefe ya sa hannu kusa da gyaran, ko ya rubuta a ƙasa cewa bai yarda da sakin layi kaza ba. Farar takarda ko wadda aka ce "sa hannu za mu cike daga baya", ko kusa.

Alhaji Mudi:
Salamu alaikum. Tambayar ta kamfani ce, amma rabin zauren nan ma'aikatan gwamnati ne, bari in faɗi nasu domin ya fi tsanani, kuma a rubuce yake ƙarara.

A kundin dokokin aikin gwamnatin tarayya bugun 2008, ladabtarwa tana Babi na 3. An sake bugu a 2021, lambobin sun sauya, saboda haka kowa ya duba wanda ke hannunsa. Jihohi kuma kowace da nata kundin, yawanci kwaikwayon na tarayya ne.

Doka ta 030307 ta ce in an kafa kwamitin bincike, mutum uku aƙalla, za a sanar da ma'aikaci ranar da za a duba maganarsa, ya zo ya kare kansa, yana da damar kawo shaidu. Sai ta ƙara da cewa rashin zuwansa ba ya ɓata zaman kwamitin. Haka in bai amsa kwiri cikin wa'adin da aka ba shi ba, hukuma tana da ikon ɗaukar matakin da ta ga ya dace. Ba wani lauje cikin naɗi.

Ga abin da ya zubar in ya ƙi zuwa. Dokar nan ɗaya ta ba shi ikon yi wa shaidu tambayoyi. Ta ce ba za a yi amfani da wata takarda a kansa ba sai an ba shi kwafi ko an bar shi ya gani. Ta kuma hana shugaban sashensa zama a kwamitin, wanda shi ne ainihin kukan Kwamared. Duk waɗannan haƙƙoƙi ne na wanda yake cikin ɗakin.

Sai tarkon da ya fi kama mutane, doka ta 030405. Wanda aka dakatar dole ya bar wa ma'aikatarsa adireshin da za a same shi. In zai bar garin da yake aiki sai ya sanar da Babban Sakatare. Ƙasar waje kuwa sai da izinin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, ko da Umara ce. In aka kai umarni wancan adireshin ya kwana bakwai bai bi ba, ana lissafa shi a matsayin wanda ya bar aiki ba izini. Barin aiki ba izini kuma yana cikin manyan laifuka, shi kaɗai ya isa kora, kuma a wuyan ma'aikacin yake ya nuna dalilin da zai sa a sassauta masa.

To ka ga mutum an dakatar da shi, ya ce bari in tafi ƙauye in yi noma kafin su neme ni. Masinja ya kai takarda gidan haya, yaro ya karɓa ya sa hannu ya ajiye a kan talabijin. Kafin ya dawo, laifin farko da wataƙila zai wanke kansa daga gare shi ya zama tarihi, an kore shi a kan na biyu.

Maman Iman:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wannan na kwana bakwai da yawa ba su san shi ba. Amma ina da tambaya ga masana. In ta WhatsApp aka turo gayyatar fa, ko ta imel, mutum bai buɗe ba? Za a ce ya samu?

Malam Garba:
Hajiya, ya danganta da littafin ƙa'idojin ma'aikata na wurin da kuma yadda aka saba aika saƙo. In littafin ya ce ana isar da saƙo ta imel ɗin ofis ko adireshin da ke fayil ɗinka, an aika can, nauyi ya koma kanka. WhatsApp kuma in alamar nan ta yi shuɗi, ana ɗaukar hoton shafin a saka a fayil. Ofishin da ya san aikinsa yakan bi hanya biyu ko uku lokaci guda: masinja da littafin sa hannu, imel, da saƙon waya.

Sai dai akwai gyara a nan. Kamfanoni da yawa suna rufe wa mutum imel ɗin ofis ranar da suka dakatar da shi, sannan su aika gayyata cikin akwatin da suka rufe da hannunsu. Wannan ba isar da saƙo ba ne, kuma hujja ce mai kyau ga ma'aikaci. Shi ya sa ranar da aka ba ka takardar dakatarwa, a ranar ka rubuta musu lambar wayarka da imel naka na kanka da adireshin gida, ka riƙe kwafi.

Kashe waya ko ƙin karɓar takarda daga hannun masinja ba dabara ba ce. Masinja zai rubuta "ya ƙi karɓa", ya sa kwanan wata da lokaci, wani lokaci da mai shaida. Wannan ya fi karɓar muni.

Bari in faɗi yadda abin ke gudana a ɗakin, don mai tambaya ya gani da idon zuci. Ƙarfe 10 kwamiti ya zauna. A jira minti talatin, a kira wayarsa sau biyu, sakatare ya rubuta lokacin kowane kira. Daga nan hanya biyu ce. Masu taka-tsantsan za su ɗage, su aiko da gayyata ta biyu, a ƙasanta an rubuta cewa in bai zo ba za a ci gaba ba shi. Masu gaggawa a ranar za su ci gaba. Mai binciken kuɗi ya buɗe rahotonsa: katan kaza ya shigo, katan kaza ya fita, ga giɓi, ga sa hannun mai sito. Ba wanda zai ce a dakata, makullin nan mutum uku ke riƙe da shi. Ba wanda zai ce ranar da kayan suka fita ina hutu, a duba rajistar bakin ƙofa. Ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa aka fitar da kaya da umarnin baki ba takarda. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. 'Yan kwamiti ba sito suke aiki ba, ba su san inda yake yoyo ba, abin da aka ajiye a gabansu shi za su ɗauka.

Kuma ko a kwamitin da ake ganin an shirya, sau da yawa akwai mutum ɗaya da ba ya cikin shirin. Shi yake buƙatar ka ba shi abin da zai riƙe. In ba ka zo ba ka ɗaure masa hannu.

Abu na ƙarshe: ƙin zuwan kansa yana iya zama sabuwar tuhuma, wato ƙin bin halastaccen umarni. A littattafan ƙa'ida da yawa yana cikin laifukan da ake kora nan take.

Ummu Salma:
Malam Garba, wai mene ne bambancin kora da sallama a aljihu? Ai duk aiki ne ya tafi.

Malam Garba:
Bambancin babba ne. Sallama ana ba ka notis ko kuɗin notis, da sauran haƙƙoƙinka, garatuti in akwai shi a yarjejeniya, kuɗin hutun da ba ka ci ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar zuwa sama. Mai tambayarmu shekara shida, wata ɗaya ke nan aƙalla, in yarjejeniyarsa ba ta ba shi fiye ba. Kora kuwa ba notis, yawanci ba garatuti, ga tabo a takarda.

Mutane da yawa da suka je kwamiti suka yi bayani, ko ba a wanke su duka ba, hukuncin yakan sauko daga kora zuwa sallama, ko gargaɗi na ƙarshe, ko a ce su biya wani kaso. Kujerar da ba kowa a kanta ba a yi mata sassauci.

Ma'aikatan banki su ƙara kula. Wanda aka kora kan zamba ko rashin gaskiya ana aika sunansa Babban Bankin Najeriya, sauran bankuna kuma suna dubawa kafin su ɗauki mutum. Ba aiki ɗaya ya rasa ba ke nan, layin gaba ɗaya ne.

Alhaji Mudi:
Ƙari kan wannan. A gwamnati wanda aka kora ya rasa haƙƙoƙin ritaya da kuɗin hutu da na sufuri, amma dokar ta ce bisa tanadin dokar fansho. Kuɗin da ya riga ya shiga asusunka na fansho naka ne. Dokar fansho ta 2014 ta bar wanda bai kai shekara 50 ba, in ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Kada wani ya tsorata mutum da cewa an cinye.

Abu Yasir:
Duk an yi magana kamar mutum lafiyarsa ƙalau ya ƙi zuwa. Wani fa da gaske ba zai iya ba. Hawan jini ya kwantar da shi, ko an yi masa rasuwa, ko mako uku ba albashi ba shi da kuɗin mota daga Gusau zuwa hedikwata a Legas.

Barista Hauwa:
Malam Abu Yasir, wannan daban ne, kuma doka ta san da shi. Kasa zuwa ba ƙin zuwa ba ne. Abin da ke raba su takarda ce, kuma kafin ranar zama, ba bayanta ba.

Takardar neman ɗagewa ba ta buƙatar tsawo. Ka ambaci gayyatar da kwanan watanta. Ka ce kana son halarta. Ka faɗi dalili, ka haɗa shaida. Ka ba su ranaku biyu da za ka iya, masu kusa, ba bayan wata biyu ba. Ka ce in ba zai yiwu ba ka yarda a yi ta bidiyo ko waya, ko a karɓi bayaninka a rubuce. Ka yi kwafi biyu ka kai rajista da kanka ko ka aiki wani, akawu ya buga hatimin karɓa a kan naka, ya rubuta kwanan wata da sunansa. Kwafin da ba hatimi a kai, takardar ƙosai ce. In sun ƙi bugawa, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit, ka kuma tura ta imel.

Kiran waya ga wani abokinka a ofis cewa "ka gaya musu ba ni da lafiya" ba ya shiga fayil.

Takardar asibiti ta fito daga likita mai rajista, ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi ta asibitin da ma'aikatarsa ta yarda da shi. Kuma a lura, takardar da ta ce ba za ka iya aiki ba, ba lallai ta nuna ba za ka iya zaman awa ɗaya ba. In da gaske ba za ka iya ba, likita ya rubuta hakan. Wanda ya sayo takardar bogi kuwa ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa, domin waya ɗaya za a buga asibitin.

Ɗagewa ta farko kusan kowa yana bayarwa. Ta biyu da ƙyar. Ta uku za su ce wasa kake yi da hankalinsu, kotu ma za ta ga haka.

Batun kuɗin mota, ya rubuta ya nema, ko ya nemi a zauna a reshen da yake aiki. In sun hana shi albashi, sun kira shi wata uwa duniya, ya nemi sauƙi a rubuce sun ƙi, to damar da suka ce sun ba shi ta zama abin tambaya.

Haka in gayyatar ta zo yau da yamma aka ce gobe da safe, ko ba a faɗi tuhumar ba, ko ba a ba shi rahoton binciken ba. Duk dalilai ne na neman ɗagewa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya zama dalilin yin shiru.

Kwamared Ɗanjuma:
A nan mun haɗu. Kuma in akwai ƙungiya a wurin kada ya shiga shi kaɗai. Ya duba yarjejeniyar ƙungiya da kamfani, yawanci ta ba wakili damar zama. Amfanin wakili ba surutu ba ne, rubutu ne. Shi yana amsa tambaya cikin ɓacin rai, wakili yana rubuta wa ya ce me, ƙarfe nawa.

Rashin albashin nan ma a duba shi. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ya sauke wa mai aiki nauyin biyan lada in dakatarwar horo ce kan laifi. Wannan kuwa ba a kama shi da laifi ba tukuna, bincike ake yi. Ya buɗe takardar ɗaukarsa aiki da littafin ƙa'ida ya ga ko sun ba da ikon dakatarwa ba biya. In babu, kuɗinsa na nan yana binsu. Kotun Ma'aikata ba ta son dakatarwar sai-baba-ta-gani.

Baban Khalifa:
Ni abin da nake tsoro daban ne. Giɓin kaya ai maganar sata ce. In ya je ya yi ta zuba, gobe su kwashi bayaninsa su kai wa 'yan sanda. Wani ma a bakin ƙofa ake jiransa. Ba gara ya ce sai kotu ta yanke ba? Na san akwai hukuncin da ya ce kwamiti ba shi da hurumin shari'ar laifi.

Barista Hauwa:
Baban Khalifa, shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri kake nufi, ta 1986, ta ɗaliban da aka kora bayan tarzoma. An daɗe ana jingina da ita. Amma Kotun Ƙoli ta fayyace daga baya, a shari'ar Yusuf da Union Bank a 1996 da ta Arinze da First Bank a 2004, cewa mai aiki ba sai ya jira kotu ta kama ma'aikaci da laifi ba kafin ya kore shi kan mummunan hali, muddin ya sanar da shi tuhumar ya ba shi damar kare kansa. Kundin aikin gwamnati ma ya ce shari'ar laifi ba ta hana a ci gaba da ladabtarwa. Saboda haka "sai kotu" ba mafaka ba ce.

Tsoronka dai yana kan hanya, abin da ya faɗa yana iya fita daga ɗakin. Maganinsa ya ga lauya kafin Alhamis, su rubuta bayani tsararre: aikina kaza, masu makulli su wane, ranaku kaza, takardun da nake so a duba kaza. Ya miƙa wannan, ya tsaya a kansa. Abin da bai sani ba ya ce ban sani ba, kada ya yi hasashe. Kada ya yarda da "ka amsa kawai mu rufe maganar a cikin gida", kada ya rubuta alkawarin biyan kuɗin da bai ci ba don a bar shi ya tafi. Wannan takardar ita ce ake kai wa ofishin 'yan sanda. In yana zargin kamu, wani nasa ya raka shi ya jira a waje, lambar lauya na hannunsa. Zama a gida ba ya hana kamu, sun san gidan.

Shigar lauya ɗakin kuwa, ba kowane wuri ke yarda ba, ya danganta da ƙa'idarsu. Ya nema a rubuce. In sun ƙi, ba dalilin fasa zuwa ba ne.

Ummu Salma:
To in ya ajiye aikin kawai kafin Alhamis fa, ya huta?

Malam Garba:
Yana iya yi, kotuna sun sha cewa ba a tilasta wa mutum ci gaba da aiki. Amma ya san me ya saya. Bai hana su kai maganar kayan gaba ba. Fayil ɗinsa zai nuna ya tafi ana tsakiyar bincike, duk wanda ya nemi bayaninsa haka za a gaya masa. In bai ba da notis ba shi ma ana binsa kuɗin notis. Kuma ya raunana ƙararsa, sai dai in zai iya nuna tura shi aka yi har ya kai bango. In tafiyar yake so, ya fi kyau a zauna a daidaita a rubuce: ga abin da za a biya shi, ga abin da takardar shaidar aikinsa za ta ce.

Anti Rabi:
Ga 'yan uwanmu da ke aikin kula da tsofaffi da asibitoci a Ingila, can ma haka ne. Ƙa'idar ACAS, hukumar sasanta rikicin ma'aikata da masu aiki ta can, ta ce in ma'aikaci ya yi ta ƙin halarta ko kasa halarta ba ƙwaƙƙwaran dalili, mai aiki ya yanke hukunci da shaidar da ke hannunsa. Doka ta ba ka damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, in ranar ba ta yi wa mai rakiyar ba kana iya ba da wata cikin kwanakin aiki biyar. Wanda ya yi watsi da ƙa'idar ba dalili, ko ya ci ƙara ana iya rage masa diyya har kashi 25 cikin 100. Mai bizar aiki kuma ya tuna, in aka kore shi kamfani zai sanar da hukumar shige da fice, yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar.

Abu Yasir:
A ce an riga an yi, bai je ba, takardar kora ta zo. Shi ke nan?

Barista Hauwa:
Ba lallai ba, amma hanya ta ƙuntata. Da farko ya duba wa'adin ɗaukaka ƙara na cikin gida ya rubuta nan take, ya faɗi dalilin rashin zuwansa da shaida, ya haɗa bayanin da ya kamata ya yi tun farko. Sannan a binciki abin da suka yi: gayyatar ta isa gare shi? Laifin da aka kore shi a kai shi ne wanda aka rubuta a kwiri? Sun bi matakan littafinsu? Wanda ya sa hannu yana da ikon kora? Rashin zuwansa bai wanke musu kurakuransu ba. A shari'ar Longe da First Bank ta 2010, an tsige darakta yana cikin dakatarwa ba a aika masa sanarwar taron ba, Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar. Dokar kamfanoni ce ta yi aiki a nan saboda darakta ne, amma a lura da abin da ya cece shi: ba a kira shi ba ne, ba ƙin zuwa ya yi ba.

Kotun da za a je ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sashe na 254C na tsarin mulki ya ba ta hurumin, tana zama a Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da sauran wurare. Wanda doka ce ta kafa sharuɗɗan aikinsa, irin ma'aikacin gwamnati ko malamin jami'ar tarayya, in an karya matakai ana iya mayar da shi bakin aiki da albashinsa na baya, kamar yadda aka yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. Na kamfani kuwa yawanci kuɗi ne ba komawa ba. Da can kuɗin notis kaɗai ake bayarwa, amma a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da albashin shekara biyu a shari'ar Sahara Energy da Oyebola.

Mai ƙarar hukumar gwamnati ya shigar cikin wata uku. Hukunce-hukunce sun sha bamban kan ko wa'adin nan na dokar kare jami'an gwamnati ya shafi maganar aiki, kada mutum ya bari a yi gwaji da ƙararsa.

Alhaji Mudi:
Kan wa ke da ikon kora, a tarayya Babban Sakatare yana ladabtar da mai matakin albashi na 13 zuwa ƙasa, amma kora mataki na 06 zuwa ƙasa kaɗai aka sakar masa. Daga 07 zuwa sama sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya. A duba sa hannun da ke ƙasan takardar.

Mai kula da zaure:
Mai tambaya yana biye. Ya ce a tambayi Barista, yau Talata, rahoton ƙirgar kayan bai taɓa ganinsa ba. Ya nemi ɗagewa ne ko ya je haka?

Barista Hauwa:
Gobe da sassafe ya kai takarda ɗaya mai abu uku: zai halarta, yana neman kwafin rahoton da rajistar fitar da kaya na watannin da ake magana, kuma bai amince da zaman manajan ba. Ya ƙara da cewa in takardun ba su samu kafin zama ba yana roƙon a ɗaga da kwana uku. In sun amsa a rubuce cewa an ɗaga, ya bi sabuwar ranar. In ba amsa, ko amsar ta baki ce, ranar Alhamis ƙarfe tara da rabi ta same shi a bakin ƙofa, da kwafinsa mai hatimi, da biro, da katin shaidarsa na aiki ko da mai gadi zai ce an hana shi shiga. In an hana shi, ya tura saƙo daga nan bakin ƙofar cewa ga shi ya iso.